Ciwon Sukari: Awon Jini a Gida, Son Mai Ciwo da Gaskiyar Ma'auni

Shafin Lafiyar Iyali. Darasi domin Zumuntar Mata, ƙungiyoyin manoma da azuzuwan yaƙi da jahilci.

Karatu: Karin Magana 11:1

'Yan'uwa, duk manomin da ya taɓa kai auduga ko gyaɗa kasuwa a Gusau ya san sa'ad da aka ɗora buhu a kan sikeli ba ya ɗauke idonsa. Wahalar damina duka tana rataye a kan abin da sikelin nan zai faɗa. In ya yi ƙarya an cuci manomi, ko da mai awon bai yi niyya ba. Ayar karatunmu ta yau a kan ma'auni ta ke, tana nuna mana Allah bai raina zancen awo ba.

Yau za mu yi nazari a kan wani ma'auni dabam, ɗan ƙarami mai shiga aljihu, watau na'urar awon sukari a cikin jini. Cikin yawon da mu ke yi a ƙauyukan Tsafe da Bungudu da unguwannin Gusau, mun tarar da ita a gidaje da dama. Waɗansu 'ya'yansu ne suka aiko musu daga birni, waɗansu sun saya a kemis. Amma mun ga da yawa a ƙasan akwati, an daina taɓa su. Mun kuma ga waɗanda a ke amfani da su ta hanyar da ba za su faɗi gaskiya ba. Darasin nan yana so ya amsa tambaya guda: ina ne za a bi son mai ciwo, ina ne kuma tilas a bi gaskiyar awo ko da ba daɗi?

1. DON ME A KE AWO?

Tuwo, fura, kunu, shinkafa, dankali da rogo, duka jiki yana juyar da su su zama sukari cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai fitar da wani ruwa da a ke kira insulin. Shi ne ya ke shigar da sukarin cikin tsoka ya zama ƙarfi. In insulin ya kasa, ko kuwa jiki ya daina jin aikinsa, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari. A shekarar 2021 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 24 ne su ke da shi a Afirka, fiye da rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba.

Hatsarin iri biyu ne. In sukari ya daɗe a sama, a hankali ya ke cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum yana yawonsa bai sani ba. In kuwa magani ya yi yawa, ko mutum ya sha magani bai ci abinci ba, sai sukari ya faɗi ƙasa. Wannan ba ya jira. Cikin ɗan lokaci mutum zai yi gumi, ya yi rawar jiki, ya ruɗe, ya suma.

Mutane da yawa sukan ce, "Ai ina ji a jikina." Jiki yakan ruɗi mai shi. Kasala da jiri suna zuwa in sukari ya hau, suna kuma zuwa in ya sauka, maganin ɗaya kuwa guba ne ga ɗayan. Iyayenmu sukan duba ko kiyashi ya taru a kan fitsari. Alama ce ta gaske, amma sukari ba ya fita cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini, kuma fitsari ba zai taɓa nuna maka sukari ya faɗi ba. Gani ya kori ji.

A Toronto ta ƙasar Kanada aka gano insulin a 1921. Na'urar farko mai karanta sukari daga ɗigon jini ta fito a Amurka a 1970, tana da nauyi, ta likitoci ce. Sai cikin shekarun 1980 awo a gida ya bazu. Wani babban bincike a kan mutum 1,441 a Amurka da Kanada, wanda aka bayyana a 1993, ya nuna masu allurar insulin da su ke awo a kai a kai suna daidaita maganinsu sun fi tsira daga lalacewar ido da ƙoda. Mu a nan muna da ƙarin dalili. Dukanmu mun san ba kullum hanya ta ke biyuwa ba saboda 'yan bindiga, balle da dare. Sa'ad da mai ciwo ya ruɗe a ƙauye, asibiti yana nesa, lambar da na'urar nan ta nuna ita ce za ta gaya wa iyali ko sukari za a ba shi ko kuwa hana shi za a yi.

2. WA ZAI AUNA, SAU NAWA?

Ba kowane mai ciwon sukari ne ya ke bukatar huda yatsa kowace rana ba. Wannan labari ne mai daɗi ga aljihu.

Wanda ya ke allurar insulin, lalle ne ya auna kowace rana, yadda likitansa ya tsara masa. Haka mace mai ciki da aka samu da sukari. Wanda ya ke shan ƙwayar glibenclamide ko 'yan'uwanta, shi ma ya riƙe na'ura kusa, gama wannan ƙwaya tana iya kayar da sukari ƙasa, musamman ranar aikin gona mai tsanani ko ranar da abinci ya yi jinkiri.

Wanda kuwa metformin kaɗai ya ke sha, da wuya sukarinsa ya faɗi. A 2017 an bayyana wani bincike da aka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, a kan mutum 450 da ba sa allurar insulin. Bayan shekara guda, waɗanda suka yi awo kowace rana ba su fi waɗanda ba su yi ba samun sauƙin sukari. Abin da mu ke koyo a nan shi ne, awo ba magani ba ne. Amfaninsa sai in lambar ta sa an canza wani abu, ko abinci, ko magani, ko an tafi asibiti. Mai metformin ya tambayi malamin asibiti ko awo biyu ko uku a mako zai ishe shi.

3. ABIN DA MASU CIWO SU KE SO

Mun zauna da masu ciwo da yawa muna tambayarsu me ya sa suka ajiye na'urarsu. Ba taurin kai ba ne. Kowa yana da dalilinsa, kuma in ba a saurare shi ba, zai ce "to" a gaban malami ya koma gida ya rufe akwati. Ga abu huɗu da muka fi ji.

Na fari, zafin huda. Bakin yatsa cike ya ke da jijiyoyin ji. Tela, mai saƙa, mai ɗinkin hula, mai surfe, duka da yatsu su ke neman abinci. A nan akwai sauƙi da yawa da za a ba mai ciwo ba tare da an ɓata awo ba. A huda gefen yatsa, ba tsakiyar tsokar ba. A riƙa zagaya yatsu, kada a dami guda ɗaya. Alƙalamin huda yana da lambobi a wuyansa: mai taushin fata ya sa ƙarama, manomi mai kanta ya sa babba. A sa sabuwar allura, gama wadda ta dakushe ita ce ta fi zafi.

Waɗansu na'urori sun yarda a ɗebi jini a tafin hannu ko a sangalin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Wurin ba zafi sosai, mutane da yawa sun fi son haka. To, ga inda son rai da gaskiya su ke rabuwa. Jinin fatar sangali ba ya gudu da sauri kamar na yatsa. In sukari yana zaune wuri ɗaya, kamar da asuba kafin a ci kome, lambobin biyu suna kusa da juna. In kuwa yana hawa ko yana sauka da sauri, sangali yakan faɗi tsohon labari, yatsa ya faɗi na yanzu.

Wani tela a Gusau, mai allurar insulin, ya saba awo a sangali domin yatsunsa. Wata rana ya dawo daga gona a kan keke, yana gumi, hannu yana rawa. Ya auna a sangali ya ga 95, ya ce ai gajiya ce, zai kwanta. Matarsa ta ce, "Maigida, don Allah a gwada yatsa." Aka gwada, sai ga 58. Da ya kwanta da wannan 95, Allah kaɗai ya san yadda za a tashe shi. Saboda haka doka ita ce: in takardar na'urarka ta yarda da sangali, yi amfani da shi kafin cin abinci sa'ad da ka ke jin lafiya. Amma bayan cin abinci, bayan allura, bayan aiki mai ƙarfi, lokacin rashin lafiya, da duk sa'ad da ka ke zaton sukari ya faɗi, yatsa kaɗai. Wanda sukarinsa ya saba faɗuwa bai ji alama ba, shi ma yatsa kaɗai.

Na biyu, tsada. Na'ura sau ɗaya a ke saye. 'Yar siririyar takardar da a ke ɗiga wa jini, wadda za mu kira tsinken awo, ita ce ke cin kuɗi, kowane awo tsinke guda. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan magani na ƙasashen waje sun ƙara tsada ƙwarai. Son araha ba laifi ba ne. Kafin ka sayi na'ura, fara tambayar kuɗin tsinkenta, ka kuma tabbata ana samunsa kusa da kai, gama tsinken wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Mun ga kyawawan na'urori da aka aiko daga Legas da Turai suna zaune banza domin babu tsinkensu a Gusau. Amma araha ba ta ado. Kada a sayi tsinken da ranarsa ta wuce. Kada a sayi wanda a ke ƙirgawa ɗai-ɗai daga buɗaɗɗen gwangwani a ƙulla a leda. Kada a tsaga tsinke biyu, kada a wanke shi a sake amfani da shi. Duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali. In kuɗi ya kasa, a rage yawan awo bisa shawarar malamin asibiti. Awo uku na gaskiya a mako sun fi bakwai na ƙarya.

Na uku, karatu. Tsofaffi da yawa idonsu ya yi rauni, waɗansu kuma ba su yi boko ba. A zaɓa musu na'ura mai manyan lambobi, wadda ba ta da maɓallai da yawa. A koya wa jika ko suruka guda ɗaya a gidan, ita ce za ta riƙa karantawa tana rubutawa. Amma a bar tsohon ya zaɓi wanda ya amince da shi. Akwai waɗanda ba sa so duk gida a san lambarsu, wannan kuwa hakkinsu ne.

Na huɗu, kunya. Wannan ya fi sauran wuyar magani. Wani dattijo a wani ƙauye kusa da Tsafe yana da littafin awo mai kyau, lambobinsa kullum tsakanin 110 da 130. Duk da haka yana ramewa, ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa. Muka ce, "Baba, yaushe ku ke yin awon nan?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ranar da na kwana ban ci tuwo ba. In na ga babbar lamba ba na rubutawa, kada likita ya yi mini faɗa." Likita kuwa yana ganin littafi mai kyau, bai ƙara magani ba har wata da watanni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babbar lamba ba zunubi ba ce, ba kuwa faɗuwa jarrabawa ba ce. Labari ne da likita ya ke bukata. Mu ma da mu ke kula da masu ciwo, in mun riƙa tsawa a kan kowace babbar lamba, mu ne mu ke koya musu ɓoyewa.

Akwai kuma wata sabuwar na'ura da a ke mannawa a damtse ta yi mako biyu tana awo, ba huda yatsa kullum. FreeStyle Libre, wadda ta fito a Turai a 2014, irinta ce. Masu ita suna sonta ƙwarai, amma tana da tsada, kuma ruwan ƙarƙashin fata ta ke aunawa, wanda ya ke bin bayan jini da 'yan mintoci. Ko mai ita, in abin da ta nuna bai yi daidai da yadda ya ke ji ba, sai ya koma ga yatsa.

4. IYAKAR GASKIYAR NA'URA

Na'urar gida ba ta kai ta ɗakin gwajin asibiti daidaito ba. Ƙa'idar duniya ta 2013, mai lamba ISO 15197, ta ce cikin awo 100, a ƙalla 95 kada su kauce wa gaskiya da fiye da 15 in sukari yana ƙasa da 100, ko da fiye da kashi 15 cikin ɗari in ya kai 100 ko ya wuce. Watau in sukarinka na gaskiya 200 ne, na'ura mai kyau tana iya nuna 170 ko 230. In 80 ne, tana iya nuna 65 ko 95. Don haka in ka auna sau biyu a jere ka ga 150 da 162, na'urarka ba ta lalace ba. Kada ka ƙona tsinke kana neman lamba ta uku.

Ba dukan na'urori ne su ke cika wannan ƙa'ida ba. A wani gwaji da aka bayyana a Amurka a 2018, an gwada iri 18 da a ke sayarwa a kantuna, 6 kaɗai suka ci gwajin duka. Saboda haka ranar da za ka asibiti a ɗebi jininka, tafi da na'urarka, ka auna a lokacin, a gwada lambobin biyu.

Sau da yawa dai laifin ba na na'ura ba ne. Ga abubuwan da su ke sa ta ƙarya a ƙasarmu.

Hannu. Mangwaro, rake, dabino, lemo, alewa, zuma, duk suna barin sukari a fata. Ɗigon jinin ƙanƙane ne, ɗan zaƙin da ya manne a yatsa ya isa ya ninka lamba. Wata uwa kusa da Bungudu ta yanka wa jikokinta mangwaro, ta goge hannu a zane, ta auna ta ga fiye da 300. Har ta ɗauko ƙwaya ta biyu za ta ƙara. Surukarta ta ce, "Inna, bari in kawo ruwa tukuna." Bayan wanke hannu da sabulu lambar ba ta kai 150 ba. Masu bincike a Japan sun gwada wannan a 2011, suka tarar goga audugar sifirit ba ta kawar da zaƙin 'ya'yan itace kamar yadda ruwa ya ke yi.

Zafi da laima. Yawancin kamfanoni sun rubuta kada tsinke ya zauna inda zafi ya wuce digiri 30. Bazararmu kuwa takan haura 40. Kada a bar gwangwani a aljihu, ko a akwatin babur, ko a taga, ko a saman bango dab da kwanon rufi. A naɗe shi a tsumma a ajiye a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Da damina laima ce abokiyar gaba: ciro tsinke guda, rufe murfi nan take. Rubuta ranar da ka buɗe gwangwani a jikinsa, gama waɗansu iri ba sa wuce wata uku ko shida bayan buɗewa. Mai awo kaɗan ya sayi gwangwani mai 25 maimakon mai 50.

Ƙarancin jini. A na'urori da yawa, mai ƙarancin jini yakan ga lamba sama da gaskiya. Mai jego, mai sikila, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana damunsa su gaya wa malamin asibiti. Wanda kuma ya bushe da zawo da amai, ba a dogara ga awon yatsansa, asibiti za a kai shi.

Ma'auni biyu. Kamar yadda mudu ya bambanta da tiya, haka na'urori. Waɗansu suna rubuta mg/dL a gefen lamba, waɗansu mmol/L. Lambobin darasin nan duka na mg/dL ne. In taka mai mmol/L ce, ninka lambar sau 18. Wanda ya ari na'urar maƙwabci ya ga 18, ya ce sukarinsa ya ƙare, ya sha ruwan sukari, ya cuci kansa, gama 18 ɗin nan 324 ce.

5. YADDA ZA A YI AWO

(a) Wanke hannu da ruwa da sabulu, ka shanya shi sarai. Da hunturu ka sa ruwan ɗumi, jini zai fi fitowa.
(b) Duba ranar da ke jikin gwangwani. Ciro tsinke guda, rufe, sa shi cikin na'ura.
(c) Sa sabuwar allura. Sauke hannu ƙasa kaɗan, huda gefen yatsa.
(d) Shafo yatsa a hankali daga gindi zuwa baki. Kada ka matse da ƙarfi.
(e) In babu ruwan wanke hannu, kamar a gona, goge ɗigon fari da tsumma mai tsabta ka auna na biyu.
(f) Bari tsinke ya sha jini har ya cika.
(g) Rubuta rana, lokaci, lamba, da abin da ka ci ko aikin da ka yi. Rubuta kowace lamba, mai daɗi da marar daɗi.
(h) Jefa allura cikin gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba.

6. ME LAMBAR TA KE CEWA?

Ga yawancin manya masu ciwon sukari, abin da a ke nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci. Likita yana iya sassauta wa tsoho, ya tsananta wa mai ciki.

Ƙasa da 70, ko na'ura ta rubuta LO: sukari ya faɗi. In mutum yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali 3 ko 4 na sukari a ruwa ya sha. A jira minti 15 a sake awo. In bai hau ba a ƙara, in ya hau ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa a nemi asibiti. In ga alamu amma babu tsinke, a ba da sukarin, kada a tsaya neman na'ura.

Sama da 300, ko na'ura ta rubuta HI: wanke hannu ka sake. In ta maimaita, sha ruwa, ka nemi malamin asibiti a ranar. In akwai amai, ciwon ciki, numfashi da sauri ko magagi, wannan na gaggawa ne. Kada kowa ya ƙara wa kansa ƙwaya ko allura in ba likita ne ya koya masa ba.

Mai tsinke kaɗan ya riƙa canza lokacin awo: Litinin da asuba, Laraba awa biyu bayan abincin rana, Jumma'a kafin barci. Wata rana ya auna kafin ya sha fura da kuma awa biyu bayan sha, wata rana ya yi haka da tuwo da miyar kuka ko ɗanwake. Da idonsa zai ga abincin da jikinsa ya ke ɗauka, wannan kuwa ya fi faɗan kowa shiga kunne.

A kan azumi, ko namu na ikkilisiya ko na maƙwabtanmu Musulmi a watan Ramadan, mai allura ko mai glibenclamide ya ga likita kafin ya fara. Shawarar masana ita ce a karya azumi in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300.

Na'urar gida ba ta yanke hukunci cewa mutum yana da ciwon sukari. Wanda ya ga 126 ko fiye da asuba kafin ci, ko 200 a kowane lokaci tare da ƙishirwa da yawan fitsari, ya je a tabbatar a babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko a Gusau a Asibitin Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna yadda sukari ya zauna cikin wata biyu zuwa uku. Mai sikila ya faɗa kafin a yi masa, gama sikila tana iya ɓata wannan gwaji.

7. AIKIN IKKILISIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata ko ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi a sayi na'ura iri ɗaya, domin in mutum ɗaya zai shiga Gusau ya sayo wa kowa tsinke a rufaffen gwangwani. Inda a ke awo a majami'a bayan sujada, a nemi ma'aikacin lafiya ya tsaya a kai. Kada mutum biyu su haɗa allura, kada kuma su haɗa alƙalamin huda ko da an canza allura, gama ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. A yi amfani da allurar da a ke hudawa sau ɗaya a yar. A goge na'ura bayan kowane mutum. Lambar mutum asirinsa ce, ba ta sanarwa ba ce. Ƙofa kuma a buɗe ta ke ga duk maƙwabci, ba a tambayar addininsa.

Muna addu'a domin marasa lafiya, muna kuwa gaskata Allah yana warkarwa. Amma kada wani ya ce wa ɗan'uwa ya zubar da magani ko ya daina awo domin ya nuna bangaskiya. In Allah ya ba da sauƙi, ma'auni zai shaida, likita ne kuma zai rage magani.

Ranar 14 ga Nuwamba ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ta kuwa faɗo lokacin kaka, sa'ad da ɗan kuɗi ya ke hannu. Lokaci ne mai kyau na sayen tsinke da gayyatar ma'aikacin lafiya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A cikin abu huɗu da masu ciwo su ke so, wanne ne ya fi yawa a ƙauyenmu?
2. Yaushe ne ba a yarda da awon sangali ba? Don me?
3. A ina a ke ajiye tsinken awo a gidajenmu yanzu? Ina ya fi dacewa?
4. Wace irin magana ce ta mu ke yi wadda za ta sa mai ciwo ya ɓoye lambarsa?

AIKIN MAKO

Kowane ɗan aji ya ziyarci mai ciwon sukari guda. Ya fara da tambayarsa abin da ya ke damunsa game da awo, ya saurara har ya gama. Sa'an nan su duba abu uku tare: ranar da ke jikin gwangwani, wurin ajiya, da ko na'urar mai mg/dL ce ko mai mmol/L. A kawo rahoto mako mai zuwa, ba tare da ambaton suna ba.

ADDU'A

Ya Ubangiji, mun gode maka domin hikimar da ka ba masu magani. Ka ba 'yan'uwanmu masu ciwon sukari haƙuri da ƙarfin hali su rubuta gaskiya. Ka ba mu kunnen sauraro da harshe mai taushi. Ka kiyaye hanyoyin Gusau da Tsafe da Bungudu, domin marasa lafiya su kai asibiti lafiya. Cikin sunan Yesu. Amin.